Ba Duk Musa Ne Ɗan Gidanmu Ba

Ɗana, bayan gaisuwa da yi maka barka da ƙaruwa, Allah ya raya. Ka ce wajen cike takardar katin ɗan ƙasa an nemi sunan iyali ka rubuta Musa, daga baya ka gani a intanet cewa Musa na cikin sunayen ƙarshe da suka fi yawa a Najeriya, tare da Ibrahim da Abubakar da Abdullahi. Kana tambaya ko duk tushenmu ɗaya da su, kuma wanne za ka rubuta wa jaririn, Musa ko sunanka.

Ba tushenmu ɗaya ba. Musa sunan yankan mahaifinka ne, Allah ya jiƙansa, shi kuma a tasa takardar sunan kakanka ne a ƙarshe. A wurinmu sunan ƙarshe kan sauya duk sanda ɗa ya zama uba. Masu wannan lissafi 'ya'yan duk wanda aka raɗa wa Musa suka ƙirga, daga Sakkwato har Borno, ba zuriyar mutum ɗaya ba. Dole kuwa ya yi yawa, tunda a ƙaramin rumbu ɗaya dukanmu muke ɗiba: annabawa, sahabbai, iyalan gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ga kuma al'adar mayar da sunan kaka ga jika. Lissafin ma bai cika ba, domin Garba da Habu da Buba na Fulani da Bukar na Barebari duk Abubakar ne, amma a takarda an raba su.

Akwai ƙasashen da suna ke bin jini ɗaruruwan shekaru. A Sin masu sunan Wang sun haura miliyan 90. A Koriya ta Kudu kusan mutum ɗaya cikin biyar Kim ne, kuma su ma sai sun haɗa da garin da kakanninsu suka fito kafin su san wane Kim ne nasu. Turkiyya kuwa sai a 1934 gwamnati ta kafa doka kowa ya zaɓi sunan iyali. Ka ga ba mu kaɗai takarda ta iske a kan tsarinmu ba.

Mu makarantar boko ce ta fara kawo mana wannan. Malami ya ga Muhammadu biyar a aji ɗaya, sai ya laƙa wa kowa sunan garinsu. Sardauna kansa da Ahmadu Raba aka san shi a Kwalejin Katsina. Tafawa Ɓalewa gari ne, Shagari gari ne. Marigayi Abubakar Rimi, Rimin Sumaila ce tasa. Kwankwaso ƙauye ne a Madobi, Ganduje kuma a Dawakin Tofa. Mutum biyu za su amsa sunan gari ɗaya alhali ko auratayya babu tsakanin gidajensu. Gidajen da suna ya zauna musu ya bi 'ya'ya da jikoki ba su da yawa, irin gidan Alhassan Dantata, mutumin Bebeji da ya rasu a 1955, kuma shahara ce ta riƙe sunan.

To da me muke gane dangi? Da baki. In baƙo ya sauka, dattawa ba sa tsayawa ga sunansa. Ɗan wane gida ne? Wace ce mahaifiyarsa, daga ina aka auro ta? Me gidansu ke yi, ƙira ko jima ko rini ko fatauci? Da can har tsagar fuska kan ba da amsa tun mutum bai buɗe baki ba. A birnin Kano kowa ya san sarautar Sarki tana gidan Sulluɓawa tun hawan Ibrahim Dabo a 1819, Madaki na Yolawa, Makama na Joɓawa, Sarkin Bai na Dambazawa, alhali ba a takardar makaranta aka adana wannan ba. Dantata ɗin ma Agalawa ne, fataken goro. Abin da ke damuna, kuma yana damuna ƙwarai, shi ne yaran yanzu sun haddace lambar katinsu amma da yawa ba su iya kai sunan kakanni uku ba, na wajen uwa kuwa ba a magana.

Game da jariri, ka rubuta sunansa, sannan naka. A Suratul Ahzab, aya ta 5, an umarce mu mu kira 'ya'ya da sunan ubanninsu, kuma a kan haka ne ma matarka ba za ta ajiye sunan mahaifinta ta ɗauki naka ba. In takardar na da gurbi uku, ka sa Musa a na uku, ya zama ɗa da uba da kaka a jere. Wannan na fi so. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a tsallake ka a jingina yaro ga kakansa kai tsaye. Kuma yadda ka rubuta a takardar haihuwa, haka za ka rubuta a makaranta da banki, harafi da harafi, don bambancin harafi ɗaya yana hana yaro jarrabawa ko fasfo sai an sha wahalar rantsuwa a kotu.

In kun zo wankan gida ko hutun Sallah, ka taho da littafi da biro ka zauna wurin gwaggonka. Ita ta fi kowa riƙe waɗanda suka tashi daga nan suka koma Ringim da Gumel, da wanda ya auri wa. Ka gaida mai jego da iyayenta.