Amsa: Shin ana karanta alakar mutum da dabba a jami'a?

Dan uwa ka tambaya wai da gaske akwai masu zama suna nazarin zaman mutum da dabba ko dai raha ce. Wallahi akwai, Turawa na kiranshi Antrozoloji, kuma ba likitan dabbobi bane irin wanda ake yi a Danfodiyo, shi likita ciwon dabbar yake dubawa, su kuwa tsakaninku da ita suke kallo. Ka je kara ka ga Bafulatani yadda yake kiran saniya da sunanta ta taso ta bar garke, ko mai rakumi daga Illela da yake fahimtar kukanshi, to irin wannan suke bincike, har da yadda cuta ke tsallakowa daga dabba zuwa mutum kamar ciwon haukan kare.