Shin Ƙarfen Jirgin Sama Yana Gajiya?

Tambaya: Injiniya, ni mai walda ne a Kano. Na ji ana cewa jikin jirgin sama yakan tsage ba tare da ya bugi komai ba. Ta yaya? Kuma sababbin jirage sun tsira daga wannan?

Amsa: Malam, ai ka san yadda ake tsinka waya in babu filaya: lanƙwasa ta ake yi gaba da baya har ta rabu. Duk tashin da jirgi zai yi, ana cusa iska a cikinsa don fasinja su sami numfashi, jikin ya ɗan kumbura, in ya sauka ya koma. Wannan kai-kawon ne ke haifar da 'yar tsaga, galibi a bakin ramin ƙusa ko a kusurwar taga, tana ƙaruwa kaɗan-kaɗan ido bai gani ba.

A 1954 jiragen Comet na Ingila guda biyu suka tarwatse a sama kusa da Italiya. Masu bincike a garin Farnborough na Ingila suka tsoma gangar jikin wani Comet a ƙaton tankin ruwa, suna matsawa suna saki, har ta fashe daga kusurwar taga. A 1988 kuma rufin wani Boeing 737 ya yaye a sararin tsibiran Hawai na Amurka. Gajerun zango yake yi tsakanin tsibirai, ya tashi ya sauka kusan sau 90,000. Shi ya sa ni ban cika damuwa da shekarun jirgi ba, yawan tashinsa nake fara tambaya.

Sababbin fa? Da sauƙi, amma ba a rabu da Bukar ba. A saman jikin Airbus A380 akwai GLARE, wanda aka ƙirƙiro a jami'ar Delft ta ƙasar Holan: fallayen alminiyam sirara, kowanne bai wuce rabin milimita ba, an jera su da zaren gilashi a tsakani, an manne da gam mai ƙarfi (walda ba ta da shiga a nan, wuta ɓata shi take yi). In falle ya tsage, zaren bai tsinke ba, sai ya riƙe bakin tsagar, ta riƙa tafiya a hankali har a gano ta a lokacin dubawa.

Inda gizo ke saƙar shi ne fallayen kan ɗaye daga juna ta ciki, waje kuwa sumul. Sai an bi wurin da na'urar da ke aika sauti cikin ƙarfe kafin a san akwai ɓarna.