Daidai ruwa daidai tsaki a ajin kimiyya

Wani malamin kimiyyar sinadarai daga wani ƙauye a yankin Ringim ya aiko da tambaya biyu. Yana koya wa ɗalibai cewa in aka haɗa sinadarai biyu, wanda ya fara ƙarewa shi ke tsayar da aiki. Shin karin maganar nan "daidai ruwa daidai tsaki" za ta shiga nan? Kuma zai iya kiran mol, wato ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari, da mudu?

Malam, za ta shiga, amma a fara warware kalmomin. Tsakin nan ba na ɓacin rai ba ne, ɓarzajjen hatsi ne da ake dambu ko fate da shi. "Daidai" kuma a nan ba "kai ɗaya" take nufi ba, "gwargwado" take nufi. Mai fate ba ta cewa kofin ruwa sai kofin tsaki. Ta san abin da tsakin zai sha. In ya ƙare, ko randa guda ta juye, faten bai ƙaru ba, tsululu kawai za a samu.

Haka yake ga amoniya, wadda ake yin takin yuriya da ita. Mol 1 na naitirojin, giram 28, yana neman mol 3 na haidirojin, giram 6, su ba da giram 34 na amoniya. To, a ce an kawo giram 28 na naitirojin da giram 10 na haidirojin. Yaro zai nuna goman ya ce ita ce kaɗan. Alhali naitirojin ne zai ƙare, a bar giram 4 na haidirojin a zaune. Shi ya sa ba na son a ce "ƙaramin sinadari". Na fi natsuwa da "mai riga ƙarewa", ɗayan kuma "mai rara", kalmar da kowace uwar gida ta sani.

Mudu kam a bar shi a kasuwa. Awon cika ne, mol kuwa ƙidaya ce irin ta dozin, ƙwayoyi 6.022 × 10²³. A sa ɗalibi ya zo da mudun gero da mudun wake, a tambaye shi ko ƙwayoyinsu sun zo ɗaya. Daga nan sai a bar mol da sunansa, yadda muka karɓi dozin ba mu sauya mata suna ba.