Sabuwar Taya da Kwanar Farko

Jiya da yamma ka yi mini tambaya ban amsa ba, don raina a ɓace yake. Ka ce: "Oga, taya sabuwa fil muka sa wa mashin ɗin mutumin nan, ko mita 200 bai yi ba ya zube a kwana, ya dawo yana cewa mun cuce shi. Laifinmu ne, ko na kamfanin tayar, ko nasa?" To ajiye sifanar nan ka zauna, yaro.

Ɗauko waccan tayar da ba mu sa ba tukuna, ka shafa ta da tafin hannunka. Ka ji ta sumul, har da sheƙi? Yanzu shafa tsohuwar da muka cire. Kaushi ka ji, kamar harshen kyanwa. Wannan kaushin shi ke riƙe kwalta. A mazubin ƙarfe ake gasa taya, da zafin da ya kai digiri 150 ko fiye, kuma cikin mazubin a goge yake tas, shi ya sa fatarta ke fitowa da santsi. A da kamfanoni kan shafa wa mazubin wani sinadari don kada robar ta manne. Yanzu manya da yawa sun daina shafa shi a wajen zanen taya, har kamfanin Continental ma ya ƙera mazubin da ke fito da tayar da ɗan kaushinta tun daga masana'anta. Sannan ana cuɗa robar da wani irin kaki da ke hana ta tsattsagewa, in ta daɗe a ajiye sai ya tsattsafo waje. Kai dai duk sabuwar tayar da ta shigo hannunka, ɗauke ta a matsayin mai santsi, ko wane suna ne a jikinta.

Amma ni a ganina santsin ba shi ne babban abin da ke kayar da mutane ba. Sabo ne, kuma ka san sabo turken wawa. Dubi tsohuwar tayar nan ta baya, tsakiyarta ya cinye ya zama shimfiɗe. Wata da watanni mutumin nan yana danna mashin da ƙarfi kafin ya kwanta masa a kwana, har hannunsa ya koyi haka bai sani ba. Sai muka ba shi taya mai ƙusumbi, wadda da an taɓa ta take kwantawa. Ya danna da ƙarfin jiya, mashin ya wuce inda yake zato, ya hau gefen da bai taɓa taka ƙasa ba, ga robar da sanyi, ga totur a hannu. Duk abin da ke tsakaninsa da kwalta bai kai faɗin tafin hannunka ba. Ina zai tsaya?

Dunlop tana cewa a bi sabuwar taya a hankali na mil 100, wato kilomita 160 ke nan. Sauran kamfanonin ma maganarsu ba ta da nisa da wannan. Sai dai mutane suna riƙe adadin su bar ma'anar. Wanda ya miƙe a shantaleliyar hanya ya yi kilomita 300, tsakiyar tayar kawai ya goge, gefenta na nan da sheƙinsa yana jiransa a kwanar farko. Abin da ake so shi ne ya riƙa kwantar da mashin kaɗan-kaɗan, yau nan, gobe ya ƙara ɗan taƙi, ta yadda kullum mafi yawan abin da ke taka ƙasa gogagge ne, sabon wurin ɗan siriri. Kada ya fizgi totur, kada ya damƙi birki, musamman mashin na kwance. In ya sauka ya duba gefen tayar, da idonsa zai ga inda kaushi ya tsaya.

Masu karkaɗa mashin hagu da dama wai suna ɗumama taya, wahala kawai suke sha, wani ma a nan yake faɗuwa. Tafiya da jan birki a miƙe su ke sa roba ta ɗau zafi. In ruwa ya sauka kuwa, ko ya taka fentin titi, ko murfin ƙarfe, ko inda gas ya zuba, sai ya ninka hankalinsa. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya: wanda zai yi doguwar hanya da kaya da fasinja, ya zo mu canza masa da kwanaki a gaba.

Na san za ka tambaye ni samfefa. Wasu na gogewa da ita. Ni ba na yi, don illarta ba a robar take ba, a zuciyar mai mashin take, yana ganin an goge sai ya ɗauka an gama. Fetur ko kananzir kuwa kada in ga ka kai su kusa da taya, cinye roba suke yi. Haka man sa taya ƙyalli.

Yanzu zancen alhaki. Ba a kan mutum ɗaya yake ba, kowa da kasonsa. In taya ta kumbura, ko zanenta ya ɓare, ko wayarta ta karkace tun daga masana'anta, wannan na kamfani ne, kuma mu ajiye ta yadda take mu mayar. In mai sayarwa ya ba mu wadda ta shekara da shekaru a sito har ta ƙandare, nasa ne, amma mu ma da idanunmu. Dubi lambar nan da ke bin haruffan DOT a gefe. Huɗun ƙarshe su ne mako da shekara, 1524 na nufin mako na 15 a shekarar 2024. Wanda bai karanta wannan ba kafin ya ɗora taya a rim, ya shiga cikin laifin.

Namu kason shi ne mafi yawa kafin mashin ya bar gareji. Kibiyar da ke jikin taya ta kalli inda take juyawa. Ɗigon fentin nan, in akwai shi, ya zo daidai bawul. Layin da ke kewaye da bakin taya ya fito daidai ko'ina a jikin rim. Sabuwar taya, sabon tub. Iska da geji, taya na sanyi, kuma adadin da kamfanin mashin ya ce, ba wanda ke rubuce a gefen taya ba, wancan iyaka ce. Da yawanmu mukan cika iska don taya ta zauna, mu manta ba mu rage ba, mu sallami mutum da taya kamar dutse. Sai sitika, a ɓare ta a goge danƙon. Sai sabulun da muka shafa, da giris ɗin hannunmu. Ina yaro irinka na taɓa tura taya da hannu duk baƙin mai, maigidana bai ce uffan ba, ya sa na wanke ta sau uku a gaban mai ita. Har yau in zan taɓa zanen taya sai na kalli tafin hannuna. Kuma in mun kwance birki, a matsa shi har ya kama kafin a miƙa makulli.

Daga nan totur a hannun mai mashin yake, ba mai riƙe masa. In an gaya masa ya ƙi ji, shi ya jiyo.

In an gaya masa, na ce. Da daddare na duba tayar mutumin nan. Kibiya daidai, iska daidai, ba giris, ba sabulu, tayar bara ce. Aikin hannunka ba aibu. Amma ka gaya masa ya bi ta a hankali? Ba ka gaya masa ba. Ni ma ina can ina waya, ina kallo ya tayar ya fita a guje. Mu mun san taya na da santsi, shi wataƙila bai taɓa ji ba, kuma kuɗin da ya biya har da na wannan sanin. Shi ya sa na ce zan sa masa madubi da hannun birki ba sai ya biya ba. Fenti da gwiwarsa, wannan kason hannunsa ne, kuma na faɗa masa haka ido da ido.

Anjima zai zo ɗaukar mashin ɗin. Kai za ka miƙa masa makulli, kai za ka sa shi ya tsuguna ya shafa gefen tayar da hannunsa, ka gaya masa kilomita nawa. Ni ina nan zaune ina jin abin da za ka ce. Tashi ka wanke hannunka, ka kawo gejin mu sake dubawa.