Tambaya da Amsa: Kyamarata Tana Gumi da Damina

Tambaya: Assalamu alaikum. Sana'ata ɗaukar hoton biki. Da damina in na fito da kyamara daga ɗaki mai na'urar sanyi sai gilashinta ya yi hazo, yanzu har ina ganin wasu zare-zare kamar yanar gizo a cikinsa. Da bazara kuma tana mutuwa ana tsakiyar bidiyo. Ina mafita? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Hazon nan raɓa ce, irin gumin da kwalbar lemo ke yi in an ciro ta daga firij. Kafin ka fito, sa kyamarar a leda ka ɗaure bakinta, ka bar ta minti 20 zuwa 30 a waje, raɓar ta kwanta a jikin leda. Kada ka kwance gilashin tana cikin gumi, danshin zai sauka kan sensa, wato ɓangaren cikin kyamara da ke ɗaukar hoton.

Zaren kuwa funfuna ce, kuma ita ce abin tsoro. Tana son duhu da laimar da ta haura kashi 60 cikin ɗari, wato jakar da aka rufe aka jefa a lungu a watan Agusta. In ta daɗe takan cinye rufin gilashin, tabon ba ya gogewa. Ware shi daga sauran, ka kai wa mai gyara ya buɗe.

Don ajiya, nemi roba mai murfin da iska ba ta shiga, ka sa silika jel, 'yan ƙunshin nan na cikin kwalin sabon takalmi, amma da yawa, da ƙaramin ma'aunin laima. Ma'aunin ya tsaya tsakanin kashi 40 da 50. Silika tana ƙoshi da danshi: mai launin ruwan lemo in ta koma koriya, gasa ta a obin a digiri 120 na awa biyu. Shinkafa dai, da wasu ke sa wa don tsotse danshi, a bar wa tukunya, ƙurarta ta fi amfaninta.

Mutuwar da take yi da bazara kuma zafi ne: yawancin kamfanoni digiri 40 suka sa a matsayin iyaka, ga ɗaukar bidiyo a 4K, wato mai tsananin tsabtar hoto, na ƙara dafa cikinta. Koma 1080, wanda bai kai 4K tsabta ba, janye allon daga jikinta, wani ya riƙe maka lema, ka kashe ta tsakanin ɗauka. Kada ka bar ta a rufaffiyar mota da rana, ciki yakan wuce digiri 60. Batirin da ya kumbura kuwa, daina amfani da shi nan take.