Me ya sa ake ta yabon Rashid Khan na Afganistan?

Tambaya: Malam, abokan karatuna 'yan Indiya ba su da zance sai na wani ɗan wasan kurket (wasan jifar ƙwallo da bugunta da sanda) ɗan Afganistan, Rashid Khan. Ta yaya ƙasar da ta sha yaƙi haka ta fitar da gwani, kuma mene ne gwanintar tasa?

Amsa: Ɗan'uwa, abokanka suna da gaskiya. An haifi Rashid a watan Satumba na 1998 a lardin Nangarhar, gabashin Afganistan, kuma yaƙi ya sa iyalinsa suka yi shekaru a Pakistan. Ta wannan hanyar shi ma wasan kurket ɗin ya yaɗu a Afganistan. 'Yan gudun hijira ne suka koye shi a wajajen Peshawar, yara na buga ƙwallon tanis da aka naɗe da salatif, suka koma gida da shi.

Aikin Rashid jifa ne, wato shi ke jefa wa mai sanda ƙwallo don ya fitar da shi. Irin jifarsa ta murzawa ce: ƙwallon na barin hannu tana juyi, in ta daki ƙasa sai ta karkace. Yawancin masu wannan salon a hankali suke jifa, mai sanda ya samu damar kallon wuyan hannunsu ya gane inda ƙwallon za ta nufa. Rashid kuwa da sauri yake sakinta, yatsunsa ke yin yawancin aikin, kuma wadda za ta kauce waje da wadda za ta shigo ciki kusan hannu ɗaya yake fitar da su. Kafin mutum ya tantance, ta riga ta daki ƙafarsa ko ta zubar da sanduna ukun da yake karewa a bayansa. A ganina wannan ne sirrin, ba ƙarfi ba.

Yana shekara 17 ya fara buga wa ƙasarsa, da Zimbabuwe, a Oktoban 2015. A 2017 ƙungiyar Sunrisers Hyderabad ta saye shi kan rupi miliyan 40 a gasar IPL ta Indiya, inda abokanka suka san shi, daga baya ya ci kofin gasar da Gujarat Titans a 2022. Wasan da na fi so a tuna shi ne na Satumban 2019 a Chattogram: yana kyaftin ɗin Afganistan yana shekara 20, ya fitar da mutum 11 a wasan kwana biyar, suka doke Bangaladesh a gidanta. A 2024 kuma ya jagorance su a gasar duniya ta T20, wato gajeren salon wasan da ake gamawa cikin 'yan sa'o'i, suka kayar da Ostireliya, suka kai wasan kusa da na ƙarshe kafin Afirka ta Kudu ta tare su.

Abin da ke sosa mini rai shi ne duk wannan a baƙon wuri aka yi shi. Wasannin da ake kira na gida ma a Sharjah ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ko Indiya suke buga su, saboda rashin tsaro. 'Yan wasan mata kuwa, tun dawowar Taliban a 2021 aka hana su wasa, da yawansu suna gudun hijira a Ostireliya.

In za ka kalle shi, kada ka bi ƙwallon da ido. Ka zuba ido kan ƙafafun mai sanda, za ka ga yadda yake rasa gaba zai yi ko baya.