Kemistiri Zan Karanta ko In Zauna a Majema?

Ɗana, ka tambaye ni ko akwai aiki a gaba in ka bar majema ka tafi karanta Kemistiri, da abin da ake nema kafin a ɗauke ka. Ka ce babanka na ganin shekara 4 asara ce. Ni ban ga asara ba, amma kuma ban yarda ka cire hannunka daga fata ba.

Sharuɗɗan ba su da wuya. Kiredit 5 a WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Kemistiri, Fiziks da Bayoloji. A JAMB, Turanci da Kemistiri dole ne, sauran biyun ka duba ƙa'idar makarantar da ka zaɓa. Digiri a BUK ko ABU shekara 4 ne, in yajin aiki bai ratsa ba. Ta foli kuwa, ND shekara 2, shekara 1 ta koyon aiki, sannan HND shekara 2. Kai da ka tashi cikin jima, ka fara leƙa NILEST, cibiyar koyar da fasahar fata da ke Samaru a Zariya, don fata ita ce sana'arsu.

Ga abin da karatun zai ƙara maka. Ka san muna juya fata a duram cikin gishiri da asid har pH, wato ma'aunin tsamin ruwan, ya sauko wajen 3, sannan mu zuba kurom, sinadarin da ke jeme fatar, mu riƙa ƙara soda kaɗan-kaɗan har ya kusa 4. Kana yi ne don haka na nuna maka. Amma me ya sa? A 3 kurom ba ya kama fata, ratsa ta yake yi har ciki. Sodar ce ke sa shi ya kama. In ka antaya ta gaba ɗaya, sai ya cafke waje ya bar ciki ɗanye, fuskar fata ta yi kaushi da dabbare-dabbare. Shi ya sa nake sa ka yanka wajen wuya, inda ta fi kauri, ka ga ko shuɗin kurom ɗin ya game, sannan ka jefa yankin a tafasasshen ruwa. In ya ƙanƙance, jima ba ta yi ba. Ranar da aka kawo sinadari mai rauni, ni lalube nake yi da ido da hannu, wanda ya yi karatu kuwa awo zai yi ya lissafa. Kuma shi ya san dalilin da ruwan cire gashi ba ya haɗuwa da ruwan asid a kwata ɗaya: iskar da ke tashi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai tana kashe mutum.

Maganar aiki kuma, ba zan ɓoye maka ba. Masaƙun Kaduna da Kano da ke kwasar masu wannan ilimi yawancinsu sun rufe, kuma masu digiri da yawa koyarwa suke yi a makarantun kuɗi, albashin bai taka kara ya karya ba. Guraben da suka rage suna kamfanonin siminti irin BUA a Sakkwato, da na Ashaka da na Obajana, da matatar mai da kamfanin takin Ɗangote a Legas, da matatar ruwa kamar ta Tamburawa, da NAFDAC da SON mai kula da ingancin kayayyaki, sai majemun da ke numfashi a Challawa da Sharaɗa. Bincike a NARICT, cibiyar binciken sinadarai ta Basawa a Zariya, ko koyarwa a jami'a, sai ka yi shirin digiri na biyu da na uku. Akwai kuma rajista da ICCON, hukumar masu wannan sana'a tun 1993. Kada wani ya ruɗe ka, wannan digirin ba ya ba ka izinin aikin harhaɗa magunguna ko gwajin jini a asibiti, kowanne karatunsa daban.

A kamfani, bayan an duba takarda, kwalba da ma'auni za a miƙo maka a ce haɗa ruwan gwaji. Nan ake tankaɗe da rairaya, don da yawa sun gama makaranta hannunsu bai saba ba. Naka ya saba.

Saboda haka ka yanki JAMB bana. Duk hutu ka dawo duram, SIWES ɗinka, wato koyon aiki na ɗalibai, ma a nan za ka yi, in sa ka wajen mai kula da lab. Babanka kuwa ka bar ni da shi, zan je gida bayan sallar Juma'a in Allah ya kai mu.